Garin Gyaran Gira

Hausawa sun ce garin gyaran gira akan rasa ido. Na daɗe ina jin wannan karin magana a bakin manya, amma ban san nauyinta ba sai a hutun ƙaramar Sallah ta 2024. Ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin abin da ya same ni, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irinsa.

Gidanmu yana wani ƙauye ne a ƙasar Roni. Duk wanda ya san wajenmu ya san ƙasar duwatsu ce, daga Roni har Kazaure, hawa da gangara ba su ƙarewa. Abokaina na Babura sukan yi mini ba'a a ɗakin kwana, su ce su a wajensu yashi ne birki, da ka daina taka feda keke ya tsaya da kansa. Mu kuwa a wajenmu, wanda ba shi da birki ba shi da keke.

A shekarar 2023, da aka janye tallafin man fetur, Baba ya jingine babur ɗinsa a zaure, ya tafi Kano ya sayo keke na hannu. Ba irin su Raleigh da Phoenix ɗin da kakanninmu suka hau ba ne. Mai giya ne, mai faffaɗan taya, irin wanda aka ƙera don hawan tudu. Da shi yake zuwa gona, da shi yake kai albasa kasuwannin Kazaure da Gwiwa. Kuɗin sabulu da garin kwakin da nake zuwa da su makaranta, a bayan wannan keke suke fitowa.

Ana gobe Sallah na ce bari in faranta wa Baba rai. Na fito da keken tsakar gida, na kaɗa garin sabulun wanki a bokiti, na wanke shi tas. Ruwa ya yi ƙaranci a gida ranar, don haka ban ɗauraye shi sosai ba. Da ya bushe sai na ga bai yi ƙyallin da nake so ba. Na shiga zaure na ɗauko galan ɗin baƙin mai da ya rage na babur, na haɗa da ɗan kananzir, na tsoma tsumma. Na goge sarƙa, na goge jikin keken, sannan na bi rim ɗin gaba da na baya na goge su har ina ganin fuskata a ciki. Inna ta fito ta ce, "Kai, kamar yau aka sayo shi." Ni kuwa sai washe baki nake yi.

Washegari bayan an sauko daga Idi, Baba ya aike ni in kai wa Gwaggo tuwon Sallah a ƙauyen da ke gaba da mu. Auta, wanda shekararsa 7, ya maƙale sai ya bi ni. Na ɗora shi a kariya, ya rungume kwanon, muka kama hanya. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ban lura da kome ba. Da muka iso gangaren da ke sauka rafi, keke ya fara ɗaukar gudu, sai na matsa birkin baya. Na ji wani ƙara kamar kukan ɓera, amma gudu bai ragu ba. Na matsa na gaba da dukan ƙarfina. Banza. Na sa ƙafa ƙasa, takalmina ya fice. Auta yana ta kiran "Yaya! Yaya!" Abin da na iya yi kawai shi ne na karkata cikin wata gona don kada mu faɗa kan duwatsun rafin.

Ni na kuje a gwiwa da kafaɗa. Auta kuwa ya karye a hannun hagu. Ƙafar gaba ta keken ta lanƙwashe. Ranar Sallah a asibiti muka wuni, yara suna yawo da sababbin kaya, ƙanena yana kuka ana ɗaure masa hannu. Baba bai dake ni ba, bai kuma zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Me ka yi wa birkin?" Na rantse masa ban taɓa birki ba, kuma a zuciyata gaskiya nake faɗa.

Bayan kwana 3 muka kai keken wajen wani dattijo mai gyara a Kazaure. Ya shafa rim da yatsa, ya duba yatsan, ya sunsuna, sannan ya dube ni ya ce, "Yaro, kai ka wanke shi?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ciro robar birkin ya matsa ta, sai ga ta ta yi laushi tana naso. Ya ce robar nan ba ta da wani aiki sai kama rim. In rim ya sha mai, sai ta riƙa zamewa a kansa kamar ƙafa a kan gansakuka. Ya ce kananzir yana shiga cikin roba ya kumbura ta, baƙin mai kuma in ya shige ta ba ya fita da wanki. Ko sabulun da ban ɗauraye ba, shi ma ya bar santsi. Ya jefar da robobin guda 4, ya sa sababbi, ya wanke rim da sabulu, ya ɗauraye da ruwa mai yawa, ya shanya. Ya ƙara da cewa kekunan da birkinsu faifan ƙarfe ne a tsakiyar ƙafa sun fi ma rashin haƙuri, don ko ɗigon mai ne ya faɗa wa faifan sai birkin ya lalace, kuma da sifirit da tsumma mai tsabta ake goge shi.

Da muka koma makaranta, malaminmu na kimiyya ya zo kan darasin gogayya. Ya ce gogayya ce take tsayar da abin da ke tafiya, mai kuwa an yi shi ne don ya rage ta. Shi ya sa sarƙa take son mai, birki yake ƙinsa. Ya kuma ce in gudu ya ninka sau 2, nisan da ake bukata kafin a tsaya yakan ninka sau 4. 'Yan aji suna rubutawa, ni kuwa hannun Auta nake gani.

Saboda haka, 'yan'uwa, in za ku wanke keke a gida, ku ware tsumman mai daban, na rim daban. Ku ɗiga mai a sarƙa kaɗan kaɗan, ku goge abin da ya yi saura. Ku ɗauraye sabulu sosai. Kafin ku hau, ku tura keken ku matsa birkin gaba da na baya, ku ga ko ya kama. Iyayenmu kuma, don Allah in kun ga yaro ya ɗauko galan ɗin mai zai yi wa keke kwalliya, ku tsaya ku nuna masa inda ake sa wa da inda ba a sa wa.

Gyaran keken ya cinye kuɗin buhun albasa, Baba ya yi mako 2 yana zuwa gona a ƙasa. Hannun Auta ya warke, alhamdu lillahi, amma har yau in na ce ya zo in goya shi, sai ya fara matsa birkin da kansa tukuna. Allah ya kiyaye gaba, amin.