Mako guda a teburin Wot a Challawa

Litinin

Babbar gangar jima ta masana'antarmu ta tsaya tun da safe, kuma an ce sai an kawo wani ƙarfe daga Legas. Umarnin da aka ba mu shi ne mu riƙa zuwa muna sa hannu, mu juya fatun da ke cikin gishiri, sauran yinin kuma namu ne. Bayan la'asar muka tare a rumfar mai shayi da ke bakin titin Panshekara. Direban da ke ɗauko mana fatun jar akuya daga Sakkwato ya zaro kwalin Wot daga aljihu. Muka zauna mu biyar: ni da shi, da wani mai gyaran lantarki da ya taso daga Sharada, da sababbin yara biyu, ɗaya ɗan Kura, ɗaya ɗan Madobi. Baba mai gadi yana gefe da carbinsa.

Yaran ba su taɓa riƙe karta ba sai jefi-jefi. Kafin a raba na ce a tsayar da doka, domin kusan kowace unguwa da irin tata. Muka amince: mai lamba 1 ka sake jefawa, 2 na kusa da kai ya ɗauki biyu, 5 ya ɗauki uku, 8 a tsallake shi, 14 kowa ya je kasuwa, 20 kuma ita ce Wot, ka nemi siffar da kake so. Ana tare 2 da 2. Wanda ya manta bai ce "las kad" ba ya ɗauki biyu. Rabin faɗan da ake yi a kan karta daga dokar da ba a faɗa ba tun farko yake tasowa, kuma sabon shiga ne kullum yake ganin an cuce shi.

Talata

Na riga kowa zuwa, na baje kwalin a kan benci na ƙirga wa kaina, don yawancin masu wasan nan ba su san abin da ke hannunsu ba. Karta 54 ce. Ƙwallo 12, angul 12, kuros 9, kafet 9, tauraro 7, Wot 5. Babu 6 babu 9 a ko'ina. Tauraro ya tsaya a kan 8, don haka ba shi da 14. Kuros da kafet ba su da 4, ba su da 8, ba su da 12. Lamba 12 kuwa biyu ce rak, ƙwallo da angul.

Duk dabarar daga nan take fitowa. Idan ƙwallo 7 ce a ƙasa, karta 20 ne a duk kwalin za su iya hawa kanta: ƙwallo 11, sauran bakwai-bakwai guda 4, da Wot 5. Idan tauraro 4 ce, karta 13 ne kawai. Wanda ya san haka, in na kusa da shi ya kusa tashi, ya san ƙofar da zai rufe masa.

Mai lantarki ya rantse a Najeriya aka ƙirƙiro wasan. Na ce masa a'a, ɗan Ingila ne, William Henry Storey, a shekarar 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya karɓa. A can ya kusa mutuwa, mu ne muka raya shi, muka ƙara masa ɗauki-biyu da kasuwar kowa. Ko Uno da ake yayi a waje sai 1971 ta fito a Amurka.

Laraba

Ɗan Madobi ya zo da bidiyo a wayarsa: Turawa sun kewaye koren tebur, ƙwayoyin roba jibge a gabansu. Ya ce, "Yaya, wannan wace irin karta ce?" Na ce foka ce. Karta 52 ake yi da ita, a salon da ya fi yaɗuwa kowa biyu yake riƙewa, a buɗe biyar a tsakiya, kuma tun 1970 ake babbar gasarta a Las Vegas. Gishirin wasan shi ne cika baki: ka zuba kuɗi da hannu marar kyau har mai hannu mai kyau ya tsorata ya janye.

Amma gwanayen foka sun yi ittifaƙi a kan abu guda: ba a yi wa sabon shiga wannan barazanar. Shi ba ya karanta abin da kake nuna masa, ba ya janyewa, bin ka zai yi har ƙarshe don ya ga me kake riƙe da shi. Da irinsa, haƙuri ake yi har hannu mai kyau ya zo.

Direba ya gwada mana haka ba da niyya ba. Ya jefa Wot ya nemi kuros alhali ba shi da kuros ko ɗaya, wai don yaran su ɗauka a nan ƙarfinsa yake, su yi ta gudun kuros. Da ni ne da na tsaya tunani. Ɗan Kura bai ma ɗago kai ba, ya jefa kuros, na bayansa ya bi da kuros, layi ya dawo kan direba, ya tafi kasuwa sau biyu a jere. Yi wa sabon shiga wayo kamar kashe wa makaho ido ne. Abin da ke cin su shi ne wasa miƙaƙƙe da ido buɗe. Ɗan Madobi in ya ja Wot daga kasuwa sai murmushi ya suɓuce masa. Ɗan Kura yana jera kartarsa siffa-siffa, in ya zaro daga gefen dama kowa ya san tauraro ne. Kuma duk wanda ya je kasuwa a kan kafet ya riga ya gaya maka ba shi da kafet, sai dai ka manta.

Alhamis

Yau wurin zama na lura da shi. Dukan da za ka sha daga wanda ke gabanka a layi yake zuwa, naka kuma a kan na bayanka yake sauka. Sabon shiga da zarar 2 ko 5 ta shigo hannunsa sai ya harba, ko da na kusa da shi yana riƙe da karta takwas, inda ƙarin biyu ba ya canza komai. Saboda haka na zauna bayan ɗan Kura, na bar direba a bayana. Na riƙe 2 tawa har direba ya ce "las kad", sannan na sauke masa ita. Ya ce, "Malam, wannan ai mugunta ce." Na ce lissafi ne.

Haka batun Wot. Yaran suna jefa ta da wuri don kawai kada su je kasuwa sau ɗaya. Amfaninta na gaske a kusa da ƙarshe yake, lokacin da za ta buɗe maka hanyar kartarka ta ƙarshe. Sai dai a riƙa duban tsayin kasuwa. In kasuwa ta ƙare ba wanda ya tashi, ƙirga lambobi ake yi, mai ƙarami ya ci. Wot 20 ce a wuyanka, tauraro kuma ninki biyu ake lissafa shi, tauraro 8 ya zama 16. Da na ga kasuwa ta yi ƙasa sai na fara zubar da manya. Mai lantarki ya ƙare da Wot biyu a hannu yana jiran ranar da ba ta zo ba.

Juma'a

Bayan saukowa daga masallaci direba ya ce wasan ya yi lami, a sa ko naira ɗari biyu-biyu. Baba mai gadi bai bari ya rufe baki ba. "Ɗana, ba a rumfar nan ba." Ya tuna mana cewa Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a aya guda. Ban da haka akwai doka: tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000 caca laifi ce, kuma a 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a cikin birni.

Direba ya sassauto ya ce to wanda ya faɗi ya sayi shayi. Baba ya ce duk abin da zai fita daga aljihun wanda aka ci zuwa cikin wanda ya ci, sunansa ɗaya. Ya ƙara da cewa akwai malaman da ko ba kuɗi ba sa son karta, don haka in an kira salla a kife ta nan take.

Ɗan Madobi ya ce ai ya ji wani ɗan koyo ya taɓa cin miliyoyi a foka. Gaskiya ne: Chris Moneymaker, wani akanta daga Tennessee, ya ci dala miliyan 2.5 a 2003. Na ce masa ya tambayi kansa daga aljihun su wa kuɗin suka fito. A teburinmu ba sai an yi nisa ba. Ni da direba mun san kwalin, su ba su sani ba. In aka sa kuɗi, albashin yaran da ke wanke fata da sinadari tun asuba ne zai dawo aljihunmu. Aka tsaya a kan cewa wanda ya zo na ƙarshe shi zai gauraya ya raba, a kuma ja masa layi da alli a jikin benci.

Asabar

Ɗan Madobi bai zo ba. Jiya da yamma direba ya yi ta cin sa yana masa dariya, layukan allinsa sun cika gefen benci. Mu huɗu muka yi, wasan ba armashi.

Wannan ce dabarar da ba a faɗa. A wasan abokai, wanda ya fi kowa iyawa shi ne ya fi kowa buƙatar teburin ya ɗore. In ka cinye sababbi kullum, cikin mako guda za ka rasa abokin wasa. Na jawo ɗan Kura muka yi biyu a buɗe, kowa kartarsa a shimfiɗe. Na nuna masa abu uku: ya riƙe 2 da 5 sai na kusa da shi ya rage biyu ko ɗaya, ya riƙa ƙirga taurarin da suka faɗi tunda bakwai ne kawai, kuma in ya jefa Wot ya nemi siffar da ya fi yawa da ita, sai fa in wani na shirin tashi, sannan ya nemi wadda ya ga mutumin ya je kasuwa a kanta. Direba ya ce ina wasa wuƙar da za ta yanka ni. Na ce gara haka da in yi ta yankan iska.

Lahadi

A ƙofar gidana a Panshekara muka haɗu. Ɗan Kura ya je har ɗaki ya taso ɗan Madobi. A zagaye na uku direba ya ce "las kad" yana washe baki. Ɗan Kura ya dubi tarin da ke ƙasa, leɓensa na motsi, ya jefa Wot ya ce, "Tauraro." Shida sun riga sun faɗi, na bakwai yana hannunsa. Direba ya tafi kasuwa, muka bi shi ɗaya bayan ɗaya, yaron ya ajiye tauraro 3 ya ce, "Cek of, Oga."

An aiko cewa ƙarfen ya iso, gobe ƙarfe bakwai kowa a bakin aiki. Mun mayar da zaman ranar Lahadi bayan la'asar, kuma daga yanzu kuri'a za a riƙa yi wa wurin zama, domin ɗan Kura ya gano dalilin da ya sa nake zama a bayansa, ya ce bai yarda ba.