Ranar da Alhaji ya tambaye ni labarin damina

Shekara 9 na yi ina koyarwa a wani ƙauye arewa da Tasawa, ina ɗan kwantaragi. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san yadda wata kan mutu, wani ya tsaya, kuɗi ba su fito ba, mai kanti kuma ya fara amsa gaisuwarka da rabin baki. Da na ji wata lakwal mai zaman kanta a Maradi tana neman malamin ajin CE2, ban tsaya shawara da kowa ba. Ƙarshen watan Satumba ne, saura kwanaki a koma karatu, uwargida kuma ga tsohon ciki.

Mu biyu aka kira ran nan. Wanda ya riga ni shiga ya fi minti 40 a ciki. Ya fito yana share gumi, yana cewa mutanen nan ba su da imani: sun tsare shi da tambayoyi, har albashin da ya nema sai da suka yi ta ja. Na jajanta masa da baki, a zuci kuwa na ji daɗi.

Mutum uku na tarar: Alhajin da ya gina makarantar, da direkta, da wata madam riƙe da littafi da biro. Direkta ya tambaye ni yadda zan koya wa yara rabawa. Sai na saki Faransanci, na juye musu duk abin da na haddace a makarantar horon malamai ta Damagaram, har da Piaget da matakan da hankalin yaro ke bi. Cikin ɗaruruwan yaran da suka bi ta hannuna ban kawo misalin ko ɗaya ba. Ina tsakar bayani madam ta rufe bironta ta ajiye. Da idona na gani, amma na ɗauka maganar ce ta ƙayatar da ita.

Daga nan zama ya yi daɗi. Direkta bai sake bin amsata da wata tambaya ba, sai “to, madalla” yake yi. Alhaji ya gyara zama ya ce, “Mushe, yaya damina can wajenku? Gero ya yi kyau?” Muka taɓa maganar ruwa da farashin tiya. Babu wanda ya tambaye ni yaushe zan iya farawa, ko ina zan sauka a Maradi, balle nawa nake so. Minti 15 aka sallame ni. Alhaji da kansa ya raka ni bakin ƙofa, ya ce, “Za mu neme ka, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.” Na sayi tsire na kai gida.

Mai share gumin nan aka ɗauka.

Abin haushin shi ne na san wannan tun ina yaro, a kasuwar dabbobi. Wanda zai sayi rago shi ke buɗe masa baki, ya matsa bayansa, ya ce ramamme ne. Wanda ya ce “kai, rago ya yi kyau, Allah ya kawo kasuwa” wucewa zai yi. Mu ba mu iya ce wa mutum a’a a gaban idonsa ba, musamman baƙon da ya biya kuɗin mota ya zo. Shi ya sa idan an fid da rai da kai sai a ƙara maka mutunci. Kuma haka muke renon ƴaƴanmu, su sunkuyar da kai gaban manya. Tarbiyya ce mai kyau, ba na musu, amma wanda idonsa ke kan tabarma ba zai ga lokacin da aka rufe biro ba.

Bayan shekara ɗaya wata makaranta ta kira ni. Na sake fara wancan dogon karatun, don hali zanen dutse. Sai na hangi direkta ya juya wayarsa yana duba lokaci, na kusa da shi kuma ya fara haɗa takarduna wuri ɗaya. Gabana ya faɗi. Na katse kaina na ce, “Ranka ya daɗe, na yi nisa da yawa. A ba ni alli in nuna.” Na zana goro 17 da yara 5 a allo, na raba musu uku-uku, na waiwaya na tambaye su yadda za a yi da biyun da suka rage, kamar yadda nake tambayar ƴan ajina.

Direkta ya kife wayar. Ya ce wannan hanya tana cin lokaci, kuma ajinsu ya fi yara 60, yaya zan yi? Na ba shi amsa, ya kushe ta, na kawo wata. Muka shafe rabin awa muna ja. Da aka zo maganar albashi ya zabge jika 10 daga abin da na nema, ya ɗaure fuska ya ce ran Litinin ƙarfe bakwai da rabi yake son ganina, kuma ba ya son makara.