Yammaci A Miri: Daga Gurbin Dara Zuwa Teburin Snuka

Duk wanda ya baro tsakiyar birnin Bauchi ya kama hanyar Jos, in ya wuce Wuntin Dada, inda kwalejin kimiyya da fasaha ta Abubakar Tatari Ali take, ba da jimawa ba zai iso Miri. A dā ƙauyen manoma ne a bayan gari. Yau kuwa birni ya miƙo hannu ya kusa haɗiye shi, gidajen siminti sun tsiro a inda ake noma dawa da gyaɗa, sai duwatsun nan na ƙasar Bauchi ne kaɗai ba su gusa daga inda suke ba. Yawancin matafiya ta tagar mota suke ganinsa. Amma mai son ya san yadda mutanen gari suke cin yammacinsu, sai ya sauka bayan la'asar, ya sayi masa mai zafi, ya bi inuwa da rumfuna yana kallon wasannin da ake yi.

Abin da na yi ke nan, kuma na yi shi ne kamar malamin makaranta mai duba jarrabawa, watau kowane wasa na tarar sai na ɗan taɓa, sa'an nan in ba shi maki a raina. Wannan al'ada a Amurka take da ƙarfi. Can akwai mutanen da shaƙatawarsu ke nan, su bi mashaya da gidajen wasan gara ƙwallo suna gwada wata na'ura da ake kira finbol, su fito suna cewa ta wancan gida ta fi ta wannan. Na'urar ba ta yi tashe a ƙasar Hausa ba, ko da yake samarin da suka taɓa kwamfuta mai Windows XP sun san hotonta. Labarinta kuwa shi ya ba ni ma'aunin da na yi aiki da shi a Miri, saboda haka bari in gutsura wa mai karatu.

Finbol wani akwati ne dogo mai ƙafa huɗu, an rufe samansa da gilashi, cikinsa kuma gangare ne mai turaku da fitilu. In ka jefa kuɗi, sai ka harba wani ɗan ƙwallon ƙarfe zuwa can sama, ya riƙa gangarowa yana bugun turakun, kowane bugu da makinsa, har ya faɗa rami. A shekarar 1931 wani mutumin birnin Chicago, David Gottlieb, ya fito da irinta mai suna Baffle Ball, ta sami kasuwa ƙwarai. To, a lokacin in ka harba ƙwallon ka gama naka, saura sai kallo, masu shaguna kuma suna biyan wanda ya yi sa'a. Don haka a shekarar 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya hana ta, ya ce caca ce mai cinye kuɗin 'yan makaranta. 'Yan sanda suka kwaso na'urorin aka farfasa da guduma.

A 1947 kamfanin Gottlieb ya fito da wata mai suna Humpty Dumpty, wadda aka sa wa 'yan fikafikai da mai wasa zai danna ya maido ƙwallon sama kafin ya faɗa rami. Daga nan hannu ya sami abin yi. Duk da haka hanin bai tashi ba sai 1976, shekarar da aka kafa Jihar Bauchi, sa'ad da wani marubuci, Roger Sharpe, ya tsaya gaban majalisar birnin da na'ura, ya faɗi inda zai aika ƙwallo, ya kuwa aika shi can. Shekara 34 ke nan ana jayayya a kan tambaya guda: gwaninta ce ko sa'a? Da wannan tambaya na shiga Miri, na ƙara mata biyu: me ake ajiyewa a kan wasan, kuma wa yake tashi da riba?

Na fara da dara, don ita ce uwa. A gindin bishiya za ka tarar da ita, dattawa biyu sun tanƙwashe ƙafa, an tona gurbi 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida. Kowa yana da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Da farko a kasa su ɗaya bayan ɗaya, kana a shiga turawa gida-gida, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa guda. Babu kuɗin shiga, babu wutar lantarki, babu mai tebur da zai ce lokaci ya cika. Sa'a ba ta da gurbi ko ɗaya a cikin talatin ɗin nan. Wanda aka cinye tun wajen kasawa aka cinye shi, sai dai bai sani ba. In kuma ka haƙa wa abokinka rami ka faɗa da kanka, 'yan kallo su ce dara ta ci gida. Aibinta guda ne, tana cin lokaci kamar wutar daji, har mutum ya manta an aike shi. Na ba ta tara cikin goma. Abin da ya ɗan dame ni shi ne, a kewayen gurbin furfura ta fi baƙin gashi yawa.

Samarin suna can bakin titi, ƙarƙashin rumfar kwano, inda aka kafa teburin snuka. Asalin wannan wasa hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙago shi a garin Jabalpur na ƙasar Indiya a 1875, kuma na ainihin ƙwallo 22 gare shi. Wanda ake yi a rumfunanmu ƙanensa ne, ƙwallo 15 da farar da ake buga su da ita, wanda ya gama jefa rabonsa a ramuka ya cike da baƙar, shi ya ci. Mai tebur yana karɓar ɗan abin da ya sawwaƙa a kowane zagaye, galibi kuma wanda aka cinye shi ke biya, gwani ya ci gaba da riƙe sanda.

A nan ne aikin ba da maki ya yi daɗi, domin tebur suna suka tara. Akwai wanda aka daidaita ƙafafunsa, ƙyallensa sumul, gefunansa suna maido ƙwallo yadda ya kamata. A kansa gwani gwani ne, ɗan koyo ɗan koyo. Akwai kuma wanda aka tokare ƙafarsa guda da ɓallin bulo, ƙyallen ya sha ɗinki, ƙurar hunturu ta kwanta a kansa, sandar ma ta karkace kamar bakan maharbi. A kan irin wannan sai ka auna gabas ƙwallo ya nufi kudu. Yaran unguwa sun haddace inda yake gangarawa, baƙo kuwa sai ya yi ta mamaki. Hanyar gane tebur ba wuya: ka gara farar ƙwallo a hankali daga wannan kai zuwa wancan, in ta tafi sak, zauna, in ta kauce, riƙe kuɗinka. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Tebur mai kyau na ba shi bakwai, mai bulo huɗu. Da na ba mai kyau takwas, ba don abin da ke biyo baya ba. Muddin kuɗin tebur kaɗai ake biya, haya ce kamar hayar keke. Amma da zarar 'yan kallo sun fara raɗa, wannan ya ce yana bayan wane da kaza, to, wasa ya sake suna, kuma daga nan ne sandar da ake buga ƙwallo takan koma kan mutum.

Ludo da karta ba sai na daɗe a kansu ba. Ludo jikar wani tsohon wasan Indiya ce, aka yi mata rajista a Ingila a 1896, kuma ɗan da ake kaɗawa a gwangwani shi ne sarki, in bai ba ka shida ba kana gida. Daɗinta hira da tsokana. Na ba ta biyar. Karta akwai lissafi da tuna abin da ya wuce, amma rabo shi ke da kaso mai tsoka, ga shi kuma ta fi kowane wasa saurin jawo kuɗi kan tabarma. Ita ma biyar, in an yi ta a fili.

Wasa na ƙarshe ba shi da rumfa, ba shi da 'yan kallo. Yana cikin aljihun samari, a Miri da ko'ina cikin ƙasar nan. Saurayi ya keɓe a kan benci ya ƙura wa waya ido, ya zuba kuɗi a kan wasan ƙwallon da za a buga a Ingila ko Sifen, inda ba shi da ƙafa ko ɗaya a fili. Wannan shi ne finbol na kafin a sa fikafikai: ka harba, ka zuba ido. Kamfanin kuwa ya riga ya yi lissafinsa yadda ko wa ya ci, shi ba ya faɗuwa. Ban ba shi ko ɗaya ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Hukuma ta daɗe tana kokawa da irin wannan. A 1977 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa dokar hana na'urorin caca da ake kira kalo-kalo. A 2001 Jihar Bauchi ta fara aiki da shari'ar Musulunci, wadda ta haramta caca. A watan Nuwamba na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa sha'anin caca hurumin jihohi ne, ban da Abuja. Sai dai La Guardia yana da abin da zai fasa da guduma, yau kuwa na'urar tana cikin wayar da uba ya saya wa ɗansa da kansa.

Saboda haka ga shawara ga masu unguwanni da iyaye. Kada a yi wa wasanni kuɗin goro. In aka tashi teburin snuka da sunan gyara, yaran ba gona za su tafi ba, ɗaki za su shige da waya, inda ba mai ganinsu. Abin da ya fi shi ne a kira masu tebur a yi yarjejeniya: ban da ajiye kuɗi, ban da 'yan makaranta a lokacin karatu, a ajiye sanda in an kira salla, a rufe kafin dare ya raba. Dattawan gindin bishiya su ma su matsa su ba yara wuri, su koya musu kasa dara, makarantu kuma su shirya gasarta kamar yadda suke shirya ta guje-guje. Yaron da ya ɗanɗana cin da ya samu da kansa da hannunsa, da wuya ya yarda ya miƙa wa sa'a guminsa.

Mai wucewa ta hanyar Jos, in rana ta yi sanyi, ya daure ya tsaya a Miri ko na rabin sa'a. Ya gara farar ƙwallo ya ga inda ta nufa, sa'an nan ya ƙarasa gindin bishiya ya yi sallama. Amma in dattijo ya miƙo masa tsinke 12 yana murmushi, ya kasa su da lura.