Rumfar Saƙa a Danja

Da aka ba mu hutu a makaranta, na kama hanya zuwa Danja domin in duba 'yar wana. Daga Katsina na bi ta Jibiya, na ƙetare iyaka zuwa Ɗan Isa, sa'an nan na sauka a bakin hanyar Maraɗi, saura kamar kilomita 15 a shiga gari. A nan mishan ta SIM ta kafa asibitin kutare a 1956. A 2012 kuma aka buɗe sashen mata masu yoyon fitsari, inda 'yar tamu take.

Wataƙila mai karatu bai san asalin wannan ciwo ba. Ba maita ba ce, ba kuwa la'ana ba. Doguwar naƙuda ce take kawo shi. Idan mace ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu ya huje. Sau da yawa jaririn ba ya rayuwa. Haka ya faru da yarinyar nan. Ta rasa ɗanta, ta koma gidan iyaye, ta shekara biyu a ɗaki. Ko sujada ba ta zuwa saboda kunyar wari.

Na yi zaton zan same ta a kwance, gama an riga an yi mata aiki. Amma sai aka nuna mini wata rumfa. Mata suna zaune a kan tabarmi, waɗansu suna saƙa da zaren ulu, waɗansu suna ɗinkin ado da allura, wata kuma tana koyon taka keken ɗinki. Na ce, "Sannunku da aiki." Suka amsa baki ɗaya, "Yawwa, Malam!" Sai na ji wata murya ta ce, "Baba, kai ne?" Na juya, ga ta da hular jariri a hannu, ta kusa gamawa.

Na zauna a gefe ina kallo, a matsayina na malami na gane cewa wannan zama ba cinye lokaci ba ne kawai. Masana aikin jinya suna lasafta shi cikin magani. Sa'ad da hannu yake ƙirga zare, zuciya takan huta da tunani. Idan ido yana kan aiki, baki yakan saki. Abin da mace ba za ta faɗa wa likita ba, takan faɗa wa wadda take kusa da ita, gama ciwonsu ɗaya. Wadda ta yi wata guda tana koya wa wadda ta zo jiya, ita da aka daɗe ba a nemi kome a wurinta ba. In kuwa ta gama mayafi ko hula, ga abu a hannu wanda za ta nuna, har ta sayar idan ta koma gida.

Hular nan ta dame ni, don na tuna da ɗan da ta rasa. Na tambaye ta ta wane ne. Ta ce ta ɗan ƙanwarta ce, tana so ta kai masa da kanta ranar suna.

A mota ina komowa na yi ta tunani. Likita ya ɗinke abin da ya huje, amma shekara biyu na kaɗaici, mu ne muka bar ta a ciki. Ya ku magidanta, idan naƙuda ta wuce yini guda, a tafi asibiti, kada a jira gari ya sāke wayewa. Ku kuma iyayenmu na zumuntar mata, akwai wadda ta daina zuwa taro a unguwarku? Ku ɗauki zare da allura ku je ku zauna tare da ita.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi. Amin.