Kafin a ce kuɗin cefane ba ya isa

Yau ban yi niyyar rubuta komai ba, amma tun la'asar raina yake a ɓace, kuma na san in ban amayar da maganar nan ba barci ba zai ɗauke ni ba.

Daga gidan 'yar yayana nake, wadda da yawanku kuka taya mu addu'a lokacin bikinta. Ita ta kira ni, wai in zo in yi wa mijinta magana, kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya kai su ko'ina. Na tafi da niyyar in tsaya mata, don na san halin da ake ciki. Na shiga kicin zan wanke hannu, sai idona ya faɗa kan bokitin shara a bayan ƙofa. Dafa-duka ce, ta kai cin mutum uku, har da yankan kifi a kai, mai yana ƙyalli, ko alamar tsami ba ta yi ba. A gefe ga malmalar tuwo biyu a cikin ledarsu, ko kwancewa ba a yi ba. Na ce, "Ke, wannan fa?" Ta ce, "Gwaggo, ai na jiya ne. Shi ba ya cin abin da ya kwana, ni ma gaskiya ban iya ba." Ta faɗa ko a jikinta. Na gaya mata zan rubuta, ta ce in rubuta, don haka kada wani ya ce na tona wa yarinya asiri. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Da ita kaɗai ce da na ja kunnenta a ɗaki an wuce wurin.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaushe ɗumame ya zama abin kunya a gidan Bahaushe?

Mu da muka tashi a cikin gari, wane karin kumallo muka sani in ba ɗumame da koko ba? Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, da gangan take ƙara gari a tukunyar dare don a samu na safe. Kafin ta kwanta sai ta mayar da miyar kuka kan wuta ta tafasa sosai, ta rufe, kuma duk wanda ya kuskura ya tsoma ludayi a ciki bayan nan zai gamu da ita, don ta san abin da yake sa miya tsami ke nan. Da asuba ta yayyanka tuwon a tukunya, ta yayyafa ruwa kaɗan, ta bar shi ya turara, a zuba miya, a ɗiga man shanu in akwai, a barbaɗa yaji. Da shi muka je makarantar allo, da shi muka je boko. Ƙanzon gindin tukunya ma ba ya zuwa bola. A kankare shi a shanya a faifai, ranar da ake jin kwaɗayi a jiƙa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Ƙasarin wankin gero na awaki ne, dusa ta kaji. Kuma mahaifinmu mai rufin asiri ne, yana da rumfarsa a kasuwa. Ba rashi ya sa ake haka ba. An ɗauki abinci a matsayin abin da ake jin nauyinsa, shi ya sa in ƙwayar tuwo ta faɗi ƙasa ake sa yaro ya ɗauke ta daga hanya.

Na san abin da wasunku za su fara rubutawa tun kafin su kai ƙarshe, domin irin haka aka yi mini a rubutuna na baya kan kauɗa: "Hajiya ta zo tana koya wa talaka haƙuri, ta bar waɗanda suka jefa shi a wahala." To ku saurara. Ni ma a ƙasar nan nake, kuma kun san tun da maigidana ya yi ritaya albashina na koyarwa da ɗan fanshonsa ne suke riƙe da gidan nan. Ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500, kafin 2024 ta ƙare ya wuce 1,000. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100. A watan Yulin shekarar aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, alhali buhun shinkafa mai kilo 50 ya riga ya fi haka. A nan Kano da idonmu muka ga magidanta suna sayen afafata, tsakin shinkafar da a da masu kiwon kifi ake sayar wa. Duk wannan na sani, kuma waɗanda suke da alhaki a kai za su yi bayani a gaban Allah. Amma ba gwamnati ce ta ɗauki tukunya ta juye a bokiti ba. Wannan hannunmu ne ya yi, kuma shi ne abin da za mu iya gyarawa a daren yau ba sai mun jira kowa ba.

Haka kuma ban yi wannan rubutu don wanda bai samu na yau ba. Matar da take jiran maigida ya dawo daga garuwa ko dako kafin a ɗora tukunya, ita ba ta da abin zubarwa, kuma ta fi ni sanin tattali nesa ba kusa ba. Da mu nake, masu ɗan albashi, masu ɗan shago, waɗanda muke kuka da tsada da safe mu zubar da abinci da daddare.

Wasu za su ce ai ba zubarwa suke ba, almajiri suke ba wa. Madalla, in har da gaske ne. Amma mu ji tsoron Allah. Sau nawa ake barin abinci a rufe a kula har ya fara yauƙi, sai an buɗe an ji wari sannan a tuna da almajiri? Yaron nan ɗan wani ne, cikinsa irin na ɗanki ne. In za ki bayar ki bayar tun yana da kyau, tun da daren, ki kira shi ki zuba masa da ɗuminsa. Abin da ba za ki iya kai wa bakinki ba kada ki sa masa a roba ki ce kin yi sadaka.

Ni ba masaniyar tattalin arziki ba ce, abin da hannuna ya saba shi zan faɗa. Yawancin ɓarnar nan daga awo take farawa. Yarinya ta taso a gidan mutum goma sha, ta saba ganin tukunya a cike, an kai ta gidan da su biyu ne, hannunta bai sauya ba. Ki samu gwangwanin madara ki ajiye a cikin shinkafarki. A gidana gwangwani ɗaya yana isar babba ɗaya, in da wake a ciki har ya rage. Ki ƙirga bakunan da za su ci kafin ki ɗiba, ki ƙara na mutum ɗaya saboda baƙo, shi ke nan. Daidai ruwa daidai tsaki. In an ci an rage, ki san shinkafa ta fi tuwo saurin lalacewa, musamman da zafin bazara. Kada ki toshe ta a kula da zafinta ki kwanta. In akwai wuta ki sa a firji da zarar ta huce, in babu ki baza ta a faranti mai faɗi ta sha iska, da sassafe ki turara ta har tururi ya ratsa ko'ina, ko ki soya da albasa da attaruhu yara su tafi makaranta da ita. In kin ji ta sauya wari ko kaɗan, ki ba kaji, ban ce kowa ya ci abin da zai kai shi asibiti ba. Wake kuwa ki jiƙa shi tun dare, za ki ga bambanci a tukunyar gas ɗinki ko a gawayinki.

Maganar kauɗa na riga na yi ta, amma tunda har yanzu ana tambayata a akwatin saƙo bari in maimaita. Da rani, wajen Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin Kadawa da Kura yake cika 'Yankaba har ana rasa yadda za a yi da shi, a lokacin ake saye. A yanka shi biyu, a shanya a kan tabarma mai tsabta ko buhu, a ɗaga shi daga ƙasa saboda ƙura da awaki, a bar shi ya bushe ƙayau, sannan a ɗaure a ajiye inda babu laima. Haka tattasai, haka kuɓewa. In damina ta kunno kai tumatir ya yi wuya, ana sayar da 'yan ƙwayoyi a kashi, ke sai dai ki jiƙa ki markaɗa. Waɗanda suka ga 2016, shekarar da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, sun san darajar wanda ya ajiye.

Hatsi da wake kuwa da kaka ake sayensu, kowa ya san wannan, ƙarfin ne babu. Shi ya sa nake cewa a yi haɗaka. Maƙwabta uku ko huɗu ku haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya je Dawanau ya ɗauko buhu, a zo a raba da kwano a tsakar gida kowa yana gani. Haka katan ɗin taliya ko sabulu a Singa. In kina adashi, ki roƙi uwar adashi ta sa kwasarki ta faɗo a kaka, maimakon lokacin ɗinkin salla. Sayen ƙulli-ƙulli a wurin mai kanti, man gyaɗa ƙulli, gishiri ƙulli, garin sabulu ƙulli, shi yake cinye kuɗi ba a gani, kuma shi yake cika littafin bashi. Wake in kin saya ki ƙara shanya shi, ki ɗura a jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko kananzir a ciki ba, ki cika ta har wuya, ki toshe bakin da leda ki murɗa murfin. In iska ba ta shiga ƙwari ba sa rayuwa. Don Allah a daina zuba maganin ƙwari a abin da yara za su ci.

Akwai wanda ya taɓa ce mini ai wannan ɓoye abinci ne. A'a. Ɓoye abinci shi ne ɗan kasuwa ya cika sito ya kulle yana jiran mutane su galabaita, irin zargin da ya sa hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a Dawanau a watan Fabrairun 2024. Magidanci ya ajiye buhun masara don iyalinsa, wannan shi ne abin da kakanninmu suka gina rumbu dominsa. Annabi Yusuf, Alaihis Salam, da ya fassara mafarkin sarkin Masar, shawarar da ya bayar ke nan, a ajiye amfanin shekarun yalwa a cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari. Kuma a Suratul Furƙan, cikin siffofin bayin Allah na gari an ambaci waɗanda suke tsayawa tsakiya wajen ciyarwa, babu almubazzaranci babu ƙwauro. Muna karanta waɗannan ayoyin a Ramadan, a kuma Ramadan ɗin ne ake jera abinci kala bakwai a shan ruwa, a sha kunu a ci ƙosai biyu ciki ya cika, sauran ya wayi gari a kwata. Ranar biki kuwa ba a magana. Uban amarya ya ci bashi, an dafa buhu guda don kada a ce, da daddare a kwashe rabin manyan kuloli a zubar a bayan layi, maƙwabcin da ya kwana da yunwa yana jiyo ƙamshi ta katanga. Wallahi ina jin tsoron ranar da za a tambaye mu wannan.

Saura ku maza, don na san akwai masu shirin tura wa matansu rubutun nan su ce, "Kin ji abin da Hajiya ta ce." Kada wanda ya kafa hujja da ni ya rage kuɗin cefane. Ciyarwa wajibinka ce, kuma da yawanku kuɗin da kuke ajiyewa a kan madubi tun kafin a cire tallafi bai motsa ba, kuna tsammanin tukunya ta fito yadda take fitowa a da. Ka bi matarka kasuwa rana ɗaya, ko ka karɓi jerin kayan ka je da kanka, ka ji yadda ake faɗin farashi. Sannan kai da kake cewa ba ka cin abin da ya kwana, ka fita ka zauna a teburin mai shayi ka sa a soya maka Indomie da ƙwai, ka lissafa abin da ka kashe kai kaɗai a zama ɗaya. Mace ba za ta ɗumama abinci ba in ta san za a ture kwanon a yi mata tsaki. In maigida ya zauna a tabarma ya ci ɗumame a gaban 'ya'yansa ya ce an gode, babu yaron da zai tashi yana ganin abin raini ne. Ku kuma iyaye mata, kafin a kai yarinya ɗaki mun iya zama mu yi lissafin kujeru da labule da jeren kicin, amma ba ma zaunar da ita mu nuna mata awon mutum biyu. Wannan aikinmu ne, kuma kafin biki ya kamata a yi shi.

Masu tambayar haɗakar buhu ta bana, in Allah Ya kai mu kaka zan sanar a nan kamar yadda muka saba. Masara da wake kawai za mu yi, gero kowa ya nemi na unguwarsu saboda kuɗin mota. Wadda take so ta fara tara nata tun yanzu, ko a asusu ne, don ba za mu karɓi alƙawari ba sai kuɗi a hannu.