Bakin Birji: wuƙar da na kai wa maƙeri

Matafiyin da ya bar Damagaram ya kama hanyar Agadas, bayan kamar kilomita 50 zai hangi bututun matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011. Ya shigo ƙasar Ollelewa ke nan, cikin gundumar Tanut, ƙofar Damargu. Mutane da yawa matatar kaɗai suka sani a wannan yanki. Ni kuwa, jama'a masu karatu, wuƙa ce ta kai ni.

Wuƙar farauta ce da mahaifina ya bar mini, ƙirar Damargu, tsawonta taƙi guda, mai ƙotar itace da kuben jar fata. Na aje ta cikin akwati damina guda, da na zaro sai na tarar tsatsa ta cinye mata fuska. Don haka na nufi kasuwar Bakin Birji, inda manoma da Fulani da Buzaye ke haɗuwa, wasu tun daga Belbeji. A gefen kasuwar dabbobi na iske wani dattijon maƙeri cikin rumfa, jikansa na zuga masa wuta.

Ya juya wuƙar a hannu ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce: "Ɗana, wa ya yi mata wannan wulaƙanci?" Na ce: "Ni ne, Baba." Ya ce: "Cikin kube ta yi damina, ko?"

Ashe kuben da nake zaton yana kare ta shi ya cuce ta. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana shan laimar damina ta riƙe, kuma ruwan jimar kansa yana cin ƙarfe. Kube na tafiya ne, in ji shi, ba na ajiya ba. Wuƙar da za ta daɗe ba a taɓa ba, a shafa mata mai, a naɗe ta cikin busasshen ƙyalle, a rataye kuben dabam.

Na tambaye shi dalilin da ya sa wuƙaƙen kanti masu ƙyalli ba sa tsatsa. Ya yi dariya ya ce ai ba sa yanka ma. Gaskiyarsa, ko da yake ba duka ba: akwai nagari cikinsu, amma ba su ake tallatawa a faranti ba. Ƙarfensu yana da sinadarin kurom aƙalla kashi 10,5 cikin 100, shi ke hana tsatsa, sai dai na araha laushi gare su, kafin a gama feɗe rago guda sun dakushe. Maƙeri kuwa, tun da aka bar narka tama, da sifirin tsofaffin motoci yake aiki, ko da magagarin da ya mutu. Sifirin yana da karbon wajen kashi 0,6 cikin 100, magagari ya kan zarce kashi 1. Karbon ɗin nan shi ke ba ƙarfe damar yin tauri ya riƙe kaifi, kuma babu abin da ke tsare shi daga ruwa.

Na zauna na ga yadda yake taurara wata sabuwa. Ya tura ta cikin gawayin ƙirya har ta yi ja wur. A lise an koya mana cewa wajen digiri 770 maganaɗisu ke daina kama ƙarfe, kuma kaɗan sama da nan ake tsomawa. Shi bai da ma'auni sai idonsa, shi ya sa murhun yake cikin inuwa, don rana tana ɓoye launin wuta. Ya tsoma ta cikin mai, hayaƙi ya tashi. A lokacin nan ta yi tauri amma tana iya karyewa kamar kwalba, sai ya goge ta, ya riƙa kara ta bisa garwashi a hankali har bakin ya ɗauki launin busasshiyar ciyawa. Minti kaɗan ne aikin, amma a nan darajar wuƙa take.

A nan kuma ake kashe ta. Mai injin washi, in ya danna har baki ya yi shuɗi, ya warware taurin nan, wuƙar ba za ta ƙara riƙe kaifi ba sai ta koma wuta. Dutsen washi da ɗan ruwa sun isa. In ta taɓa jini ko lemun tsami a wanke a goge nan take. Man kaɗanya kaɗan ya wadatar, har ƙotar ma a shafa don kada hunturu ya tsaga ta, amma ban da baƙin man mota ga abin da zai yanka nama. Duhun da ke hawa fuskarta da daɗewa a bar shi, kariya ce. Jar tsatsa ita ake kankarewa da toka.

Maharba fa? Ya nuna daji da haɓa. Barewa da tuje sun yi nisa, ga kuma dokar 29 ga Afrilun 1998 da ta ɗaure farauta da takardar izini. Masu sayen wuƙarsa yanzu mahauta ne da makiyaya, sai kuma gab da layya. Ƴaƴansa biyu sun aje masaba sun bi zinariyar Jado tun 2014, shi ya sa jika ke riƙe da zuga-zugi. Kuma duk wanda ya bar wuƙarsa ta yi tsatsa, kamar ni, ya kan ce ƙirar gida ce ba ta da kirki, ya koma wa mai faranti.

Da la'asar ya miƙo mini tawa. Ta yi fes, tana aske gashin hannu, sai ƴan ramukan da tsatsa ta haƙa, waɗanda ya ce ba za su fita ba sai an cinye rabin kaurinta. Na naɗe ta cikin hankici, na sa kuben a ɗaya aljihun, na tafi neman motar Damagaram.