"Kana" ta Larabci da "Was" ta Turanci

Na lura yaranmu na Mafara, Bakura da Maradun wuri guda suke asarar maki a jarrabawar Turanci. Mu a Hausa "ina karatu" muke cewa, ko yanzu ne ko jiya, sai yaro ya rubuta "I am reading yesterday."

Ni dai da nahawun Larabci nake warware musu. Aikin da ya faru ya ƙare, fi'ili madi ke nan: "Zamfara became a state in 1996." Wanda kuwa ake cikin yinsa a da, Balarabe yakan sa "kana" kafin mudari'i, ya ce "kuntu aƙra'u". Bature kuma ya sa "was" ko "were", ya liƙa "-ing": "In 1976 they were building Bakalori Dam."

In an haɗa biyun, dogon aikin ke ɗaukar "was", wanda ya katse shi ya zo a madi: "I was reading when Baba called me." Wato ina cikin karatu sai Baba ya kira ni. Duk inda kuka ji "ina cikin... sai", to ku tuna da wannan. Allah Ya ba da sa'a.